Ƙirƙirarriyar basira da darasin aƙida a jami'o'in ƙasar Sin: tambayoyi da amsoshi

Lokacin da DeepSeek ta girgiza kasuwa a watan Janairun 2025, hirar kuɗi da gasa ce ta cika ko'ina: yadda wani kamfani na birnin Hangzhou ya fito da manhajar ƙirƙirarriyar basira (AI) da ke gogayya da na Amurka. Akwai wani ɓangaren da ba a cika taɓowa a wajen ƙasar Sin ba, alhali a can cikin gida malaman jami'a sun cika mujallu da rubutu a kansa, wato yadda za a sa irin waɗannan manhajoji su taimaka wajen koyar da aƙidar jam'iyya mai mulki ta intanet. Shi ne abin da waɗannan tambayoyi suka kewaye.

Wane irin darasi ne ake kira ilimin aƙida da siyasa?

Sinawa na taƙaita sunan su ce *sizheng*. Darussa ne na dole da kowane ɗalibi ɗan ƙasa zai yi kafin ya karɓi digiri, ko likitanci yake karantawa ko aikin injiniya ko kiɗa. A cikinsu akwai tushen Markisanci, da tunanin Mao Zedong haɗe da tsarin gurguzu mai sigar ƙasar Sin, da tarihin ƙasar na zamani, da ɗa'a da bin doka, da wani da ake kira "halin da ake ciki da manufofi" wanda abin da ke cikinsa ke sauyawa kowane zango. Daga 2022 tunanin shugaban ƙasa Xi Jinping ya zama kwas mai cin gashin kansa. Ƙa'idar da ma'aikatar ilimi ta fitar a 2018 ta ware wa darussan kiredit 16 a digirin farko. Mai neman digiri na biyu kuma sai ya zauna jarrabawar ƙasa, wadda takarda guda mai maki 100 ta siyasa ce zalla. Ko ɗalibin da darasin bai dame shi ba, makin ya dame shi.

Abin bai tsaya a aji ba. Kowace jami'ar gwamnati kwamitin jam'iyya ne ke jan ragamarta. Akwai tsangayar Markisanci, akwai kuma ma'aikacin da ake kira *fudaoyuan*, mai kula da ɗalibai, tsarin da ya faro daga Jami'ar Tsinghua a 1953. Doka ta ce a samar da mutum ɗaya ga kowane ɗalibai 200. Shi ke sa hannu a takardar neman izinin tafiya gida, shi ya san wanda ya kwana a waje da wanda kuɗin abinci ya yanke masa, kuma bakinsa na da nauyi idan ɗalibi na neman shiga jam'iyya.

A taron ƙasa na watan Disamban 2016, Xi Jinping ya kwatanta wannan aiki da gishiri: ba a cinsa shi kaɗai, a cikin abinci ake narkar da shi. Daga nan aka faɗaɗa abin, har a 2020 ma'aikatar ilimi ta ba da umarni kowane kwas ya ɗauki rabonsa. Malamin lissafi ma sai ya barbaɗa nasa gishirin.

Me ya kawo intanet cikin maganar?

Can ɗaliban suke. Ƙasar na da ɗalibai sama da miliyan 47 a manyan makarantu fiye da 3,000, kuma a cikin waya suke wuni: WeChat, Weibo, Douyin, Bilibili. Jam'iyya na kallon intanet a matsayin fagen daga, wanda in ba ka riƙe ba wani zai riƙe. Shi ya sa aka gina dandaloli na musamman. Akwai Yiban, da ya faro a Shanghai ya bazu zuwa sauran larduna. Akwai Qingnian Daxuexi na ƙungiyar matasan jam'iyya, wanda daga 2018 ya riƙa turo gajeren bidiyo da 'yan tambayoyi. Sai babbarsu, Xuexi Qiangguo, da aka ƙaddamar a Janairun 2019, mai suna da harshen damo: ana iya karanta shi "yi karatu ƙasa ta yi ƙarfi", ana iya karanta shi "yi koyi da Xi". Tana ba da maki ga wanda ya karanta labari, ya kalli bidiyo, ya amsa tambaya.

Ga yadda abin yake kasancewa a ɗakin kwanan ɗalibai. Wakilin aji ya turo saƙo a zauren WeChat cewa kowa ya aiko da hoton shaidar ya gama darasin mako kafin ƙarfe goma na dare. Ɗalibi ya kunna bidiyon, ya kashe sautin, ya kife wayar a kan gado ya tafi wanka. Da ya dawo sai ya ɗauki hoton ya tura. Har kalma suke da ita ta wannan ɗabi'a, *shuake*, wato a wuce da darasi ba tare da an kalle shi ba.

To me ake fatan ƙirƙirarriyar basira ta gyara?

Gundura, da farko. Hukuma da kanta ta amsa cewa akwai matsala. A Maris ɗin 2017 ministan ilimi na lokacin, Chen Baosheng, ya faɗa a gaban 'yan jarida cewa ɗalibai na zuwa ajin da gangar jiki amma zuciya ba ta zo ba, ya ce kayan haɗin sun tsufa, aikin bai da kyan sarrafawa, marufin ma ba na yayi ba ne. Malamai na da ma'aunin da suke kira *taitoulü*, adadin waɗanda suka ɗago kai daga waya suna kallon malami. Ɗalibai kuma na kiran irin wannan kwas *shuike*, darasin ruwa, wanda ba ya da kauri.

Na biyu shi ne yawa. Ƙa'ida ta ce malamin aƙida ɗaya ga ɗalibai 350. Mutum ɗaya ba zai san abin da ke zuciyar mutum 350 ba, sai dai ya karanta musu abu guda su duka. Masu rubutu a wannan fanni na yawan aron misali daga noman rani. Suna cewa tsohuwar hanya malalar ruwa ce, a buɗe madatsa ya mamaye gona, abin da suke nema yanzu kuwa ban ruwa na ɗigo, kowace shuka a kai mata daidai buƙatarta har gindi. Sunan da suka ba shi *jingzhun sizheng*, koyar da aƙida daidai wa daida. Tsohon taken shi ne aƙida ta shiga littafi, ta shiga aji, ta shiga ƙwaƙwalwa. Biyun farko umarni ya isa ya tabbatar da su. Na ukun ne ya gagara, shi ake fata inji ya taimaka.

Ga kuma yanayin da matasan ke ciki. A 2025 kimanin ɗalibai miliyan 12 da dubu 220 ne suka kammala karatu suka fito neman aiki. Kalmomi irin su *neijuan*, gasar da ke cinye mai yinta, da *tangping*, a kwanta a miƙe ƙafa a bar wahalar banza, sun yi tashe tun 2020 da 2021. Ɗalibin da ke da irin wannan tambaya ba zai ɗaga hannu a gaban mutum ɗari biyu ya yi ta ba. Amma zai iya rubuta wa manhaja da ƙarfe biyu na dare.

A aikace, me injin yake yi?

Mafi yawan aikin na bayan fage ne, kuma ba abin mamaki a cikinsa. Malami ya sa shi ya tsara darasi, ya haɗa allunan nuni, ya fitar da tambayoyin gwaji hamsin daga babi ɗaya, ya samo misalin da zai dace da ɗaliban aikin gona daban da na ɗaliban kwamfuta. *Fudaoyuan* ya sa shi ya rubuta sanarwa da rahoton taron aji da jawabin ranar tunawa da wani gwarzo.

Sai mataimakin da ake ɗorawa a shafin kwas don amsa tambayoyin ɗalibai. Yawanci ba a barinsa ya yi magana daga abin da ya haddace kawai. Ana haɗa shi da rumbun rubuce-rubucen da aka tantance: littattafan kwas na bai ɗaya da ake amfani da su a duk ƙasar, jawaban shugabanni, takardun manyan tarukan jam'iyya, jaridar jam'iyya Renmin Ribao da mujallarta Qiushi. Idan tambaya ta zo, sai ya fara lalubo sassan da suka dace a rumbun, sannan ya ɗinka amsa daga cikinsu.

Akwai kuma ɓangaren ado, wanda ya fi jan kyamara: mutum na kwamfuta mai fuska da murya yana gabatar da darasi, tsofaffin hotunan juyin juya hali da aka sa wa launi da motsi, ko gilashin da ɗalibi zai sa ya ga kansa yana hawan dutsen ƙanƙara tare da sojojin Doguwar Tafiya ta 1934. Wannan na ƙarshe ya girmi manhajojin hira, Cibiyar Fasaha ta Beijing ta daɗe tana amfani da shi. A ganina wannan ɓangaren shi ne mafi ƙarancin tasiri. Ɗalibi zai yi mamaki sau ɗaya, a karo na biyu ya zama wani bidiyon da za a kife waya a kansa.

ChatGPT ake amfani da ita?

A'a. ChatGPT ta fito a ƙarshen Nuwamban 2022, kuma ba a buɗe ta a hukumance a babban yankin ƙasar Sin ba, ko da yake ɗalibai da yawa na zagayawa ta bayan gida su shiga. Na cikin gida ne ke aiki: Ernie ta kamfanin Baidu da aka nuna a Maris ɗin 2023, Qwen ta Alibaba, Spark ta iFlytek, Doubao ta ByteDance, Kimi, sai DeepSeek. Da yake DeepSeek ta saki injinta kyauta ga mai son ɗauka, a Fabrairun 2025 jami'o'i da dama, ciki har da Jami'ar Zhejiang, suka girka ta a kan na'urorinsu. Wannan ya ba jami'a damar riƙe bayanan ɗalibanta a gida, ta kuma zaɓi rumbun da injin zai riƙa ɗiba.

In haka ne, me ya sa ake cewa hukuma na ɗar-ɗar da abin?

Nan ne gizo ke saƙar. Wannan ilimi an gina shi ne a kan kalmomin da aka auna aka amince da su tun kafin a furta. Sinawa na kiransu *tifa*, wato yadda aka yarda a faɗi abu. Kowane babban al'amari na da jimlarsa, kuma sauya kalma ɗaya ko juya jerin kalmomi kan zama kuskuren siyasa. Ɗauki juyin al'adu na 1966 zuwa 1976. Jam'iyyar da kanta ta yi tir da shi a ƙudurinta na 1981, don haka ba a cewa alheri ne. Amma wanda ya zarce inda ƙudurin ya tsaya, ya ɗora wa Mao laifi fiye da yadda aka ƙayyade, ya faɗa cikin abin da ake kira rushe tarihi. Tsakanin nan da can siririyar hanya ce.

Littafi ana iya tantance shi sau ɗaya a buga miliyoyi. Bidiyo ana iya kallonsa kafin a saki. Injin da ke ƙirƙirar magana kuwa, kowace amsa sabuwa ce, ba wanda ya taɓa karanta ta kafin ta isa idon ɗalibi. Yana kuma da halin shirga ƙarya da cikakkiyar natsuwa: ya ƙago shekara, ya ƙago sunan takarda, ya jingina wa shugaba maganar da bai faɗa ba. A darasin ilimin sinadarai wannan kuskure ne da za a gyara. A darasin aƙida yana iya cin kujerar wani.

An kuma taɓa ganin irinsa. A 2017 kamfanin Tencent ya janye wasu manhajojin hira biyu daga dandalin QQ, bayan an tambayi ɗayarsu, BabyQ, ko tana ƙaunar Jam'iyyar Kwaminis ta ce a'a. A Oktoban 2023 iyaye suka tarar da wani rubutu mai sukar Mao a cikin allon karatun yara na iFlytek, kuma a rana ɗaya hannun jarin kamfanin ya faɗi da kusan kashi goma cikin ɗari. Duk wanda ke wannan sana'a ya ɗauki darasi.

Yaya ake sa wa inji linzami?

Da doka, sannan da gwaji. A watan Yulin 2023 hukumar kula da intanet ta ƙasar tare da wasu hukumomi shida suka fitar da ƙa'idojin wucin gadi, suka fara aiki ranar 15 ga Agusta. Sashe na huɗu ya ce dole abin da inji ya samar ya dace da muhimman ɗabi'un gurguzu, kuma kada ya ƙunshi tunzura jama'a su kifar da gwamnati, ko raba ƙasa, ko ɓata sunanta, ko ta'addanci da ƙiyayyar ƙabila da batsa. Ɗabi'un nan guda goma sha biyu ne da aka shelanta a 2012, za ka gan su a bangon kusan kowace makaranta, kuma cikinsu har da dimokuraɗiyya da 'yanci da bin doka, bisa fassarar da jam'iyya ke yi musu. Manhajar da za ta iya tasiri a ra'ayin jama'a sai an yi mata rajista, kuma zuwa ƙarshen 2024 guda 302 aka yi wa.

A farkon 2024 kwamitin ma'aunin tsaron intanet ya fitar da bayanin yadda za a yi gwajin. Ya lissafa nau'o'in haɗari 31. Ya ce kamfani ya tanadi jerin kalmomin tacewa da ba su gaza 10,000 ba, da tambayoyin gwaji aƙalla 2,000. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ma'auni mai baki biyu: a tambayoyin da ya kamata inji ya ƙi amsawa, ya ƙi aƙalla kashi 95 cikin ɗari, a waɗanda bai kamata ya ƙi ba, kada ƙin ya wuce kashi 5. Ke nan ba a son inji mai sakin baki, ba a kuma son matsoraci da zai yi gum da zarar ya ji an ambaci tarihi ko siyasa. Ga darasin aƙida wannan na biyun ya fi muhimmanci, don injin da ke gudun siyasa ba zai koyar da siyasa ba.

Linzamin hawa-hawa ne. Ana tace rubutun da za a horar da inji da shi, har kafar Renmin Ribao ta intanet na samar wa kamfanoni tarin rubutu da tambayoyi da amsoshi da aka tantance don wannan aiki. Ana horar da shi da misalan amsar da ake so. Sannan a ajiye mai gadi a ƙofar fita. Wannan mai gadin ana iya ganin aikinsa da ido. Ka tambayi manhajar DeepSeek wani abu da ya shafi murƙushe zanga-zangar dandalin Tiananmen a 1989, ko da ta gefe ne. Wani lokaci za ka ga ta fara rubutu, layi na bin layi, sai kwatsam duk ya ɓace, a maye gurbinsa da ɗan gajeren uzuri cewa wannan ya wuce huruminta, a yi wata hirar. Injin ya fara magana, mai gadi ya rufe masa baki.

Ƙa'idojin 2023 ba su hau kan makarantar da ke amfani da injin a cikin gida ba tare da buɗe wa jama'a ba. Sai dai wannan bai sa jami'o'i sakin jiki ba, tunda duk abin da ya fito a dandalinsu kwamitin jam'iyya na jami'ar ne zai amsa tambaya.

Da gaske an yi manhajar da aka horar da tunanin Xi Jinping?

E. A watan Mayun 2024 wata cibiyar bincike da ke ƙarƙashin hukumar kula da intanet ta sanar da inji mai ɗiba daga rumbuna bakwai, ɗaya daga cikinsu na tunanin Xi ne, sauran galibi kan harkar intanet da fasahar sadarwa. Jaridun Yamma suka yi masa laƙabi da Chat Xi PT. A lokacin sanarwar gwajin cikin gida ake yi da shi, ba a sake shi ga jama'a ba.

Su ɗaliban fa, yaya suka karɓi abin?

Hannu bibbiyu, amma ba ta inda aka yi tsammani ba. Wannan fanni cike yake da rubutun dole. Bayan an kalli jawabi ko an ziyarci gidan tarihi, sai an rubuta *xinde tihui*, abin da zuciya ta amfana. Mai neman shiga jam'iyya, wadda mambobinta suka haura miliyan 100 a ƙarshen 2024, sai ya riƙa miƙa *sixiang huibao*, rahoton halin da tunaninsa ke ciki, duk bayan wata uku. Irin wannan rubutu na da sanannen zubi: a fara da babban taron da aka yi, a kawo jimlolin da aka saba, a amsa 'yar gazawa mara haɗari kamar rashin zurfafa karatu, a rufe da alkawarin ƙara himma. Da can daga intanet ake kwafowa a sauya suna. Yanzu kuwa ba rubutun da ya fi wannan sauƙi ga inji, domin ainihin gwanintarsa ke nan, ya maimaita zubin da ya gani sau dubbai. Cikin rabin minti ya ba ka shafi uku, ba kuskuren *tifa* ko ɗaya, watakila ma ya fi wanda ɗalibin zai rubuta da kansa tsabta.

Sai ka auna ɗaya gefen. Malami mai takardu 350 a gabansa shi ma yana da manhajar da za ta duba ta ba da maki. Inji ya fitar da tambaya, inji ya amsa, inji ya duba: tuwona maina. Takardu sun cika, alƙaluman da za a kai wa na sama sun yi kyau, amma ba wanda ya san abin da ke cikin ran yaron, wanda tun farko shi aka fito nema.

Jami'o'i sun fara martani. A Nuwamban 2024 Jami'ar Fudan ta fitar da ƙa'idoji masu hani shida kan amfani da ƙirƙirarriyar basira a kundin kammala digiri. Wasu jami'o'in sun sa iyakar kason da na'urar bincike za ta nuna cewa inji ne ya rubuta, abin da ya jawo ƙorafi, don na'urar kan kama wanda ya rubuta da hannunsa. Wasu kuma kan buƙaci a rubuta rahoton tunani da alƙalami. Ɗalibi sai ya ajiye waya a gefe ya kwafa.

Ba sa ido ba ne aka sa wa rigar koyarwa?

Ban ruwa na ɗigo ba ya yiwuwa sai an san kowace shuka, don haka tattara bayanai na cikin tsarin tun daga tushe. Jami'a na da katin cin abinci, da rajistar shiga ɗakin kwana, da littattafan da aka ara, da maki. Wannan na iya zama alheri. A 2016 Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Nanjing ta duba katunan abinci, ta ware ɗaliban da ke cin fiye da sau 60 a wata a kantin makaranta amma ba su kashe yuan 420 ba, ta zuba musu kuɗi a kati a asirce, ba tare da sun tsaya gaban kowa sun bayyana talaucinsu ba. Ko mai sukar tsarin zai yaba wannan.

Amma idon da ya ga mai yunwa shi ne ke ganin mai ƙorafi. A 2019 Jami'ar Harhaɗa Magunguna da ke Nanjing ta sa kyamarori masu gane fuska a ajujuwa, aka yi ta surutu har ma'aikatar ilimi ta ce za ta taƙaita irin wannan. A tsakiyar 2022 wata cibiyar bincike a Hefei ta saki bidiyon na'urar da ta ce tana auna yadda 'yan jam'iyya ke karɓar darasin aƙida ta hanyar karanta fuska da motsin ƙwaƙwalwa, sai suka goge shi da mutane suka yi caa. Akwai dokar kare bayanan mutum tun Nuwamban 2021, sai dai ɗalibi ba ya cikin matsayin da zai ce wa jami'arsa a'a.

Manhajar hira ta ƙara wani abu da kati da kyamara ba su da shi. Kati na nuna inda ka je, hira na nuna abin da ke damunka. Kuma ɗalibai ba yara ba ne. Wanda ya san cewa mataimakin kwas na jami'a ne, da lambar rajistarsa ya shiga, ba zai kai masa tambayar da ke ci masa tuwo a ƙwarya ba. Zai tambaye shi abin da zai fito a jarrabawa.

Malaman aƙida za su rasa aikinsu ke nan?

Babu alama. Tun bayan ganawar da Xi ya yi da malaman wannan fanni a ranar 18 ga Maris 2019, ƙara yawansu ake yi. A taron ya nanata cewa mai imani da abu shi ya kamata ya koyar da shi, kuma ba wanda ke da'awar inji na da imani. Ga kuma dalili na zahiri: idan magana ta karkace, ana buƙatar mutum mai suna da muƙami da zai ɗauki alhaki.

Ai mu ma muna da darussan kishin ƙasa, kuma manhajojin Amurka ma ba su rasa tasu aƙidar ba. Ina bambancin?

Duk ƙasa na koya wa 'ya'yanta labarin da take so su riƙe. Ɗalibin jami'a a Najeriya ya san kwasa-kwasan GST na dole, manya kuma na tuna yaƙi da rashin ɗa'a na 1984 da hukumar wayar da kan jama'a ta MAMSER ta 1987. Gaskiya ne kuma babu injin da ba shi da karkata. Kamfanonin Amurka ne ke yanke abin da manhajojinsu za su faɗa da wanda za su ƙi, kuma mafi yawan rubutun da aka horar da su na Ingilishi ne, ɗauke da kallon duniya na masu shi. Malaman Sin na kafa hujja da wannan sosai, suna cewa barin matasansu a hannun ChatGPT buɗe ƙofa ne ga aƙidar waje. Bahaushen da ya taɓa tambayar ɗaya daga cikin manhajojin nan wani abu kan aure ko gado ko tarbiyya, ya ga amsar da ta fito, zai fahimci abin da suke nufi.

Inda aka rabu shi ne wa ke da iko da kuma me ke faruwa da mai ja. A Sin aƙida ɗaya ce, ta jam'iyya ɗaya, an rubuta ta a tsarin mulki, kuma doka ta wajabta wa kowace manhaja bin ta, saboda haka sauya manhaja ba ya sauya amsa a kan manyan batutuwa. Lokacin da Gemini ta Google ta yi ta fitar da hotunan tarihi marasa kan gado a Fabrairun 2024, jama'a suka yi mata ca a fili, kamfanin ya dakatar da wannan sashe ya ba da haƙuri. Malamin jami'ar Sin da zai fito ya ce amsar inji a kan yunwar 1959 zuwa 1961 ta rage gaskiya, aikinsa yake wasa da shi.

Ɗanmu da ke karatu a can, shi ma sai ya yi waɗannan darussa?

Galibi a'a. Dokar 2017 kan ɗaliban ƙasashen waje ta wajabta musu harshen Sinanci da wani kwas na gabatar da ƙasar Sin. Darasin nazarin siyasa wajibi ne kawai ga masu karanta falsafa ko kimiyyar siyasa. Ɗaliban Afirka a can sun haura dubu 81 a 2018, cikinsu har da 'yan Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru, kuma yawancinsu ba sa shiga ajin Markisanci. Amma dandalin jami'a ɗaya ne, manhajar da aka girka ɗaya ce, kuma kwas ɗin gabatar da ƙasa daga mahangar hukuma yake. Dokar ta kuma ce jami'a ta mutunta addinin ɗalibi, amma ba za ta ba da wurin ibada ba, kuma ba a yarda da wa'azi ko taron addini a harabar makaranta ba. Masallaci sai a cikin gari. Gara ɗalibi ya san wannan tun kafin ya hau jirgi, ya kuma ɗauka cewa abin da ya rubuta wa manhajar jami'a ba sirri ba ne.

Ni da ke amfani da DeepSeek a Kano ko Maraɗi, abin ya shafe ni?

Idan manhajar kamfanin ce ka sauke a waya, linzamin da aka sa mata a gida yana biye da ita, kuma takardar sirrinta ta faɗa ƙarara cewa a na'urorin da ke ƙasar Sin ake ajiye bayananka. Dalilin da ya sa Italiya ta toshe ta ke nan a Janairun 2025, Ostareliya da Taiwan kuma suka hana sa ta a na'urorin gwamnati. Idan kuwa wani kamfani ne ya ɗauki injin ya girka a nasa wurin, mai gadin ƙofa ba ya nan, sai dai abin da aka cusa masa lokacin horo na nan daram.

A lissafi, ko rubuta manhaja, ko gyara wasiƙar neman aiki, da wuya ka ci karo da wannan. Zai bayyana ne idan ka taɓo Taiwan, ko Tibet, ko Musulmin Uygur na Xinjiang, ko shugabannin jam'iyya. A nan sai ka yi gwaji mai sauƙi: ka yi tambaya ɗaya ga manhajoji biyu ko uku na ƙasashe daban-daban, ka jera amsoshin, ka duba abin da kowace ta tsallake. Ka yi da Ingilishi ko Faransanci idan da hali, domin Hausar waɗannan manhajoji har yanzu ba ta nuna ba, kuma a cikinta yana da wuya ka bambance inda inji ya ƙi faɗa da inda bai iya faɗa ba.